Ɗaki ma rumbu ne

Sunan ƙasarmu Rumbu, cikin yankin Dakoro. Da faransanci ana rubuta shi Roumbou, amma a bakinmu Rumbu ne, kamar rumbun hatsi. Wannan suna yana yi mini daɗi, don a ganina babu ginin da ya kai rumbu hikima. Maganar da nake so mu yi ita ce ta ajiyar kaya cikin gida. Mun iya ajiyar hatsi tun kaka da kakanni. Amma ɗakin da muke kwana ciki, mun bar shi kamar kasuwa bayan ta watse.

Tashi ka je bayan gida ka dubi rumbunka da kyau, kamar yau ka fara ganin shi. Ba a zaunar da shi bisa ƙasa ba. An kafa duwatsu ko gumagumai, an gicciya icce, sannan aka ɗora shi. Don mi? Don gara da sanyin ƙasa. Iska tana ratsawa ta ƙarƙashi, hatsi ya zauna a bushe. Kaji suna shiga wurin suna tsince ƙwari. A bisa kuma an yi mishi jinka, ruwa ba ya shiga. An nisanta shi da murhu saboda gobara. Kuma ba a zuba komi da komi ciki. Ka taɓa ganin mutum ya jefa tsohon takalmi cikin rumbu? Hatsi da wurinsa, dawa da wurinta, wake da nasa.

Abin da ya fi burge ni shi ne lissafi. Tambayi kowane maigida dami nawa ya sa cikin rumbun gandu, zai faɗa maka nan take, ko bai taɓa riƙa alƙalami ba. Uwargida ma ta san abin da gamanarta ta ba ta. An san rumbun da za a ci da rani, an san wanda za a rufe sai damana ta faɗi, lokacin da aiki ya yi yawa kuma hatsi ya yi tsada a kasuwa. Tsohon hatsi ake fara ci, sabo ya jira. Tsofaffinmu ba don wasa suke wannan tsanani ba. Sun ga 1973. Sun ga 1984, shekarar da ake ce wa El Buhari, da ruwa ya ƙi kuma Najeriya ta rufe iyaka. Mu ma mun ga 2005, bayan ruwa ya ɗauke da wuri a 2004 kuma fara ta sauka. A irin waɗannan shekaru, gidan da ya san abin da yake da shi ya fi daɗewa a tsaye.

To, yanzu mu shiga ɗaki. Durƙusa ka leƙa ƙarƙashin gado. Kada ka ji kunya, ba kai kaɗai ba ne. Ga fasasshen kwano. Ga takalmi ƙafa guda, ɗan'uwansa ya ɓace tun bara. Ga ledoji cunkus, ga gwangwanin tumatir, ga tsumman da aka ce za a yi ƙunzugu da shi, yaron kuwa har ya shiga lakkol. Ga rabin buhun wake a jingine da bango. Can cikin lungu kuma wata leda ce baƙa, ba wanda ya tuna abin da ke ciki.

Mu maza mun iya cewa aikin mata ne. Ni ban yarda ba. Je ka ɗakin maigida ka gani. Tsohuwar rediyo da ta daina magana, matattun batura, salula biyu da ba su kamawa, caja ta tsinke, fitilar sola da ta mutu, ƙotar hauya, tayar keke, igiyoyi sun sarƙe da juna. In ka ce a fitar, sai ya ce: «Bar shi, wata rana zai yi amfani.» Wata ranar nan ta fi shekara goma tana tafe. In ma ta zo, ba a ganin abin, don wani tarkacen ya danne shi. Sai a sake tafiya kasuwar Sakabal a sayi abin da yake kwance cikin ɗaki.

Za ka ce: «Mi ya dame ka? Ɗakina ne, kayana ne.» Gaskiyarka. Amma ba kai ɗaya kake zaune ciki ba. Tarin kaya a ƙasa gidan kunama ne. Yaro ya sa hannu neman takalminsa da asuba, sai kuka. Kusu yana son wurin da ba a motsawa, nan yake haihuwa, daga nan yake fita ya huda buhu. Sauro yana yini cikin duhun tufafin da aka tara, da dare ya sauko. Gwangwani da fasasshen tulu da aka yar bayan ɗaki suna tara ruwa da damana, nan sauro yake ƙyanƙyasa. Gara kuwa ba ta sallama. Ta ƙasa take zuwa, ta bi bango, ta ci abu daga ciki, ta bar maka fatar waje. Ranar da ka ɗaga, sai ƙasa ta zubo.

Dabara ta farko ba ta cin ko dala. Ita ce wadda rumbu ya nuna maka: ɗaga kaya daga ƙasa. Akwatin ƙarfe, sa mishi duwatsu huɗu. Buhu, jera mishi icce ko tubali, kuma kada ya taɓa bango, bar tsakani kamar faɗin tafin hannu. Haka tsintsiya za ta shiga, idonka ma zai shiga. In gara ta fara gini, ka gan ta tun da wuri. In ana sabon ɗaki na ƙasa, roƙi magini ya bar ƴan tagogi rufaffu cikin bango, ya kafa turaku uku ko huɗu tun ƙasa tana ɗanya. Nan za a sa fitila, madubi, allon yara. Ɗakin kara ma yana da tanka da ginshiƙi, ana rataya a jikinsu.

Kakata tana da ragaya uku a ɗakinta. Da kaba take tufka su da hannunta. Ɗaya ta nono, ɗaya ta fura, ɗaya ta ƙoren da ba a taɓawa sai baƙo ya zo. Kare bai kai ba, kaza ba ta kai ba, mu ma jikoki sai mun yi tsawo. Ludayi yana soke a jinka, muciya da maburgi suna wuri guda kullum. Ko cikin duhu ta miƙa hannu, abin da take nema shi take ɗaukowa. Ɗakin ƙarami ne ƙwarai, amma in ta shimfiɗa tabarma mutum biyar suna zama. Yau ragaya ta yi wuyar gani. An ce ta tsufa, ta ƙauye ce. An sayi robobi, an jera su a ƙasa, awaki suna sa baki. Ƴar'uwa, in akwai tsohuwar da ta iya tufkar ragaya a unguwarku, je ki zauna kusa da ita ki koya. Yini ɗaya ya isa.

Tufafi kuma, igiya guda daga bango zuwa bango ta ishe na sawa yau da gobe. Na salla da na biki a ninke su cikin akwati. Na ɗari, in ɗari ya wuce, a wanke, a shanya su bushe sarai, a ɗaure cikin tsohon zane a rataya. Gidan sauro a naɗe shi sama da safe. In an bar shi yana jan ƙasa, yara da kusu za su huda shi, kuma gidan sauro mai huda sunansa kawai ya rage. Randa da marufinta. Moɗa a rataye ta kusa, kada a bar ta a ƙasa inda kaji suke yawo, sannan a tsoma ta cikin ruwan sha.

Akwai masu cewa jeren mata shi ne babban tarkace. Kwanoni har rufin ɗaki, ba a cin abinci ciki, sai gogewa. A nan na rabu da su. Jere dukiya ce. Uwa ta yi shekaru tana tara wa ɗiyarta, kwano bayan kwano, da kuɗin ƙuli-ƙuli da na adashi. In rana ta ɓaci, mace tana cire langa ɗaya ta sayar, ta sayi tiyar hatsi ko ta kai yaro likita. Mata da yawa da jerensu suka fitar da gida a mugunyar shekara. Kuma dubi yadda ake yin sa: babba a ƙasa, ƙarami a bisa, kowane da mazauninsa, mai shi ta san adadinsu. Ai wannan shi ne tsarin da muke nema. Abin da nake roƙo kawai, hannun da ya iya jere ya leƙa bayan jeren da ƙarƙashin gado. Sau da yawa gaba tana walƙiya, baya kuwa sai Allah.

Muna da malamai kusa da mu, ba mu lura ba. Ga Fulani da Buzaye da suke bi ta gulbin Tarka da dabbobinsu, su hau arewa da damana, su gangaro bayan kaka. Dubi yadda mace take kwance gida da safe. Kafin rana ta yi zafi, gado, tabarmi, ƙore, tukunya, duk sun hau jaki. Kowane abu da jakarsa, kowace jaka da gefen da ake ɗaura ta. In sun sauka, ƙore bisa gadonsu na icce suke hawa, ba a ƙasa ba. Mai tafiya ba ya ɗaukar abin da ba ya yi mishi aiki, don jaki zai faɗa mishi gaskiya. Mu da muke zaune wuri guda ba mu da jakin da zai yi mana ƙorafi. Shi ya sa nake cewa, sau ɗaya a shekara, yi kamar za ka tashi.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an gama ɗaurin hatsi, kafin masu cin rani su kama hanya. A zaɓi rana, a fitar da komi tsakar gida, har gado. A share, a duba gindin bango, a toshe ramin kusu, a bar rana ta shiga. Sannan a ɗauki kaya ɗaya ɗaya. Wanda ake aiki da shi ya koma. Wanda ya lalace amma yana gyaruwa, a kai shi cikin satin nan, ba wata rana ba. Ƙwarya ta tsage, gyartai yana ɗinke ta. Hauya da gatari, maƙeri yana jiran su, kuma tsohon ƙarfen da ka raina shi ne abin aikinsa. Masu sayen gwangwan suna zagayawa, suna biya. Rigar da ta yi wa ɗanka kaɗan, akwai yaro a maƙwabta da ɗari zai kama ba riga. Kada ka jira sai asu ya ci rabinta sannan ka yi kyauta da ita.

Sauran na rami ne. A haƙa shi nesa da rijiya. Matattun batura a binne su, kada a jefa wuta, kada a bar yara su fasa su suna wasa da baƙin garin. Leda kuwa ita ce annobar zamaninmu. Tun 2014 gwamnatin Nijar ta yi dokar hana irin ledar nan marar kauri, amma ga ta nan a kan kowace ƙaya. Akuya tana cin ta, ta taru a tumbi, dabba ta rame tana ci ba ta ƙiba. Mahauta sun sha fitar da dunƙulenta daga cikin tumbi. Leda biyar masu kyau, a ninke a soke wuri guda, sun ishe gida. In za ki kasuwa, ɗauki kwando ko jakar buhu.

Bari in daɗe kaɗan kan wake, don nan ne asara ta fi yawa. Ƙwaron wake tun daga gona yake shigowa, ƙwansa yana manne a jiki. Ka zuba wake cikin buhu, ka jingine a ɗaki, bayan wata biyu ko uku ka buɗe, sai huda da gari. Shi ya sa mutane suke sayarwa da kaka, lokacin da ya fi araha, su dawo su saya da tsada. Iyayenmu suna gauraya shi da toka mai laushi ko rairayi cikin tulu, su liƙe baki da laka. Yana aiki, in waken kaɗan ne. Tun 2007 aka fara yaɗa wani buhu mai riɓi uku, ana ce mishi PICS. Masana na jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙago shi, kuma ma'aikatan binciken noma na INRAN a Maraɗi suna cikin waɗanda suka gwada shi a ƙasarmu. Leda biyu ne masu kauri a ciki, buhu na saƙa a waje. Babu magani ko kaɗan. Ƙwaro yana numfashi kamar kai. In an ɗaure, ya shanye ƴar iskar da ke ciki, sai ya daina ci, ya mutu.

Amma sai an bi ƙa'ida. Waken ya bushe ƙayau, a sheƙe shi. A duba ledojin, in akwai huda ko ta allura ce, aikin ya ɓaci. A matse iska, a murɗe bakin leda ta farko a ɗaure, sannan ta biyu ita ma daban, sannan buhun waje. Kada a riƙa buɗewa kullum ana ɗiba, na ci a ware shi tun farko. Kuma a ɗora shi bisa icce, nesa da bango, don kusu bai san darajar buhu ba. Iri na shuka kuwa, bido mai marufi mai kyau ya isa, in an wanke shi ya bushe, an cika shi har wuya, an ɗaure bakin da leda kafin a murɗa marufin. Bidon da ya taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi, kada a sa abin ci ciki har abada.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi tsorata ni. Maganin feshi, maganin ɓera, ƙwayar nan da ake sa wa cikin buhu mai fitar da iska mai guba, da kananzir da fetur. Waɗannan ba kayan ɗakin kwana ba ne. Ƙwayar buhu tana kashe mutum yana barci in an sa ta inda ake kwana. Kuma don Allah kada a juye guba ko kananzir cikin kwalbar lemo. Yaro ɗan shekara biyu bai san komi ba sai kwalba. A bar kowane magani cikin mazubinsa na asali, a sa a wani wuri sama, a rufe da kwaɗo. Maganin likita shi ma sama, amma ba wuri ɗaya da na gona ba.

Sai takardu. Da can gidan talaka ba shi da takarda sai ta haraji. Yau kuwa ga takardar haihuwa, ga katin ɗan ƙasa, ga karnen awo da rigakafi, ga takardun lakkol. Tun da aka kafa dokar karkara a 1993, akwai kuma takardar gona, wadda take raba gardama ranar da aka yi jayayya kan iyaka ko gado. Wani maƙwabcina ya soke takardar haihuwar ɗansa a jinka, cikin ƴar leda. Shekara ta zagayo, yaro zai yi jarrabawa, malam ya ce a kawo. Da aka zaro, gara ta cinye sunan da shekarar, sai hatimi ya rage. Ana tsakiyar noma ya bar gona, ya yi ta kai da kawowa neman wata, ga kuɗin mota, ga kwanakin da suka tafi. Gwangwani mai marufi, irin na madara ko na biskit, da ya tsare mishi duk wannan. A sa takardu cikin leda mai kauri, a sa ledar cikin gwangwani, gwangwani cikin akwati. Maigida da uwargida su duka su san wurin. In mutum ɗaya ne ya sani, ya tafi cin rani Kano ko Agadas, yaro ya kwanta ciwo, ina za a samo karnensa?

Yanzu ga abin da kake da shi wanda kakata ba ta da shi. Ka iya karatu, ka iya rubutu. Da, duk takarda takarda ce a idonka, sai ka kwashi duka ka kai wa wani ya zaɓo maka. Yau kai za ka zauna ka ware: wannan ta wane ce, wannan ta gona ce, wannan rasit ne na shekara goma da ba sauran amfani. Maganin likita ma akwai ranar mutuwarsa a jikin kwali, wata da shekara. Karanta. In ta wuce, ba na sha ba ne.

Ka samo gawayi ko alli, ka yi rubutu a jikin buhu. Ba dogon zance ba. «Wake, tiya 20» da shekarar da aka girbe shi. «Irin hatsi, kada a ci.» Wannan na biyun ya fi kowane muhimmanci, don an sha daka iri a yi fura bisa kuskure, ranar da ruwan shuka ya sauka a shiga neman rance. A jikin kwalbar guba rubuta «GUBA» da manyan baƙaƙe, ka zana alama kusa don wanda bai shiga aji ba tukuna.

A bayan littafinka na aji ware shafi biyu. A na farko rubuta abin da ya shiga rumbu bana, dami nawa, da ranar da aka buɗe, da abin da ake fitarwa. In gidanku yana cin tiya biyu a yini, wata guda tiya 60 ke nan. Ka gwada dami ɗaya, a sussuke, a auna, ka ga tiya nawa ya bayar. Daga nan ka san watan da hatsinka zai kai, tun kana da sauran dabara. A shafi na biyu rubuta kayan da aka ara: galma tana gidan wane, babbar tukunya tana gidan wance tun ranar suna. In an maido, ka ja layi a kai.